Dattijo Mai Ciwon Suga da Zufar Cin Abinci: Matakan da 'Yan Gida Za Su Bi

A Sakkwato ba a tambayar mutum dalilin zufa. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kowa da ƙyallen share fuska a aljihu. Shi ya sa akwai wata zufa da kan shekara a gida ba wanda ya kula da ita. Dattijo mai ciwon suga zai zauna a inuwa, ko da safiyar hunturu ce, ya kai loma ta biyu ko ta uku, sai goshi ya fara tsattsafa. Kafin ya ci rabin kwano bakin hula ya jiƙe, ruwa na bin ƙeya yana shiga wuyan riga, wani na ɗiga daga tsinin hanci. Ƙafafu kuwa a bushe ƙamas. Da ya ture kwano, jim kaɗan zufar ta tsaya. In an yi magana ya ce, "Lahiya lau nike, zahi na."

Wani lokaci zafin ne. Amma ga mutumin da ya daɗe da ciwon suga, zufar da ke zuwa tare da abinci tana iya zama faɗuwar suga, tana iya zama zuciya, tana kuma iya zama alamar cewa ciwon ya taɓa jijiyoyi. Biyun farko ba su jiran gobe. Na ukun ba ya kisa, amma yana nuna inda ya kamata a duba. Don haka a bi su ɗaya bayan ɗaya.

A auna suga a wurin, zufar na zuba

Gwajin da aka yi da safe kafin karin kumallo ba zai ba da amsa ba. Ana son lambar ta daidai lokacin da zufar ta keto. A ajiye mitar gwajin suga kusa da inda dattijo ke cin abinci, ba can ƙasan akwati ba.

A wanke masa hannu da ruwa da sabulu, a tsane shi sosai. Wannan ba ƙa'idar banza ba ce: yatsan da ya taɓa dabino ko mangwaro ko fura mai sukari zai ba da lamba sama da gaskiya, yatsa mai jiƙe da zufa kuma zai tsinka jinin ya ba da ƙasa. A soki gefen yatsa, ba tsakiyarsa ba, ya fi sauƙin zafi. 'Yan takardun gwajin ma ba su son zafinmu. Galibinsu an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, don haka kwalbar da ta wuni a cikin mota ko a bakin taga ba abin dogaro ba ce. A riƙa rufe ta da zarar an zaro ɗaya, a kuma duba ranar lalacewarta.

A san harshen da mitar ke magana da shi. Wasu suna ba da lamba kamar 65 ko 140, wato mg/dL. Wasu, musamman takardun ɗakin gwaji, suna ba da 3.6 ko 7.8, wato mmol/L. A ninka ta biyun sau 18 za a samu ta farkon.

Idan lambar ta gaza 70, wato 3.9, suga ya faɗi. Kada a ce ai ga abinci a gabansa. Tuwon dawa da miyar kuka ba za su kai jini da saurin da ake bukata ba. A ba shi sukari kimanin giram 15: ƙaramin cokali uku zuwa huɗu a rabin kofin ruwa, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kwalbar lemo mai sukari. A jira minti 15 a sake aunawa. In har yanzu bai kai 70 ba a maimaita. Da ya haura, sai ya ƙarasa abincinsa. Lambar da ta gaza 54 kuwa haɗari ce sosai, ko da mutum na zaune yana magana.

In ya fita hayyacinsa ko ba ya iya haɗiya, kada a ɗura masa komai a baki, don zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a nemi abin hawa zuwa asibiti mafi kusa.

Wani zai ce yaya suga zai faɗi alhali mutum na cin abinci? Hanyoyin suna da yawa. An yi allurar insulin, aka ce tuwo ya kusa, sai ya ƙara awa guda a murhu. Ko an sha ƙwaya da safe ba a ci wani abin kirki ba sai azahar. Ko kuma ciwon ya sa tumbi nawa, abinci ya zauna a ciki bai wuce ba, insulin kuma ya riga ya fara aiki. Ƙwayar da aka rubuta glibenclamide a kwalinta, wadda mutane da yawa suka sani da Daonil, ta fi sauran kawo wannan ga tsofaffi, musamman in ƙoda ta yi rauni. Faɗuwar da take kawowa tana iya dawowa bayan sa'o'i, don haka ko dattijo ya warware a kai shi a duba shi a ranar.

Akwai kuskure ta ɗaya ɓangaren ma, kuma ya fi yawa a gidajenmu. Da an ga zufa sai a ruga a kawo lemo, ba tare da an auna ba. In babu mita a kusa kuma mutum na karkarwa yana ruɗewa, to a ba shi, hakan ya fi aminci. Amma wanda ake yi wa haka sau uku a rana alhali sugansa bai faɗi ba, ana ƙara masa ciwo ne da sunan tausayi.

Zufar da ba a tsayawa nazarinta

Ciwon suga da ya daɗe kan dakushe jijiyoyin da ke kai saƙon zafin ƙirji, har zuciya ta samu matsala mutum bai ji ciwon da aka saba ji ba. Idan zufar mai sanyi ce ta game jiki duka, ga haki, ga tashin zuciya, ga nauyi a ƙirji ko kafaɗa ko muƙamuƙi, ko wata kasala da ba a saba gani ba, kuma suga bai faɗi ba, to a tafi asibiti nan take. Kada a ce gyambon ciki ne a aika yaro kemis. Haka in baki ya karkace, ko magana ta harɗe, ko hannu ɗaya ya saki. A cikin gari akwai sashen gaggawa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru. Wanda ke nesa, a Gwadabawa ko Tambuwal ko Isa, ya fara da babban asibitin da ke kusa da shi.

In da zazzaɓi, a yi gwajin maleriya. In zufar ta fi yawa da dare, ga tari da rama, a yi gwajin tarin fuka, wanda masu ciwon suga suka fi sauran mutane saurin kamuwa da shi.

Mako biyu ana rubutawa

In an auna sau da dama suga na daidai, babu kuma waɗancan alamu, sai a ɗauko littafi. A nan al'ada kan kawo cikas. Dattijo na cin abinci a zaure ko a turaka, surukar da ta dafa ba za ta zauna tana kallon bakinsa ba, shi ma ba zai yarda ba. Hajiya kuma tana cikin ɗaki da lulluɓi, ba mai ganin wuyanta. A ɗora aikin a kan wanda ba kunya tsakaninsu: jika mai hankali, ko ɗan auta, ko matar gida. Jika zai iya cewa, "Tsoho, kawo yatsan nan, yau ma sai na huda ka," a yi dariya a wuce wurin.

Abin da za a rubuta kaɗan ne. Lokaci, abin da aka ci, da zafi ko da sanyi, da yaji ko babu. Lambar suga kafin ci, da lokacin zufar, da bayan awa biyu. In takardun gwaji sun yi tsada, a yi wa abinci ɗaya a rana, a riƙa sauyawa: yau na safe, gobe na rana, jibi na dare. Sai inda zufar ke fitowa, kuma wannan ya fi komai amfani ga likita. Fuska duka ce da kai da wuya, ko kunci ɗaya ne kawai?

A gwada abu ɗaya a cikin makon: a ba shi abinci marar yaji, marar zafi, kamar kwaɗon zogale ko ɗanwaken da ya huce, a wuri mai iska. Kowa kan yi zufa da attaruhu da yajin tsire, domin barkono na ruɗin jijiyoyin baki su ɗauka wuta ce. Wanda ya jiƙe a kan kwaɗo mai sanyi kuwa, lamarinsa daban ne.

Abin da ke faruwa a ciki

Akwai jijiyoyin da ke aiki ba da umarninmu ba. Su ke tafiyar da bugun zuciya, narkar da abinci, mafitsara, yawu da zufa. Suga mai yawa na tsawon shekaru yana lalata su a hankali. Jijiyar da ke sa yawu da wadda ke sa zufa kuma da sinadari iri ɗaya suke aika saƙo. Bayanin da likitoci suka fi bayarwa shi ne, jijiyoyin da suka lalace in sun sake tsirowa sukan ɓata hanya, saƙon yawu ya sauka a fatar fuska. Kamar mai gyaran wuta ne ya haɗa waya a karkace, ka danna makunnin fanka ƙwai ya kama. Wani likitan Ingila mai suna Peter Watkins ya bayyana wannan zufa a 1973 a matsayin alamar lalacewar irin waɗannan jijiyoyi ga masu ciwon suga. A wajensu takan kama ɓangarorin fuska biyu daidai, ta sauko wuya, wani lokaci har kafaɗu da ƙirji. Cuku da cakulan na cikin abubuwan da aka fi lura suna tayar da ita, amma ga wasu kowane abin taunawa ya isa.

In kunci ɗaya ne kawai ke zufa yana ja, a tuna ko an taɓa yin aiki ko an ji rauni a gaban kunne, wurin da hangum ke kumbura. Wannan wata matsala ce daban, wadda wata likita 'yar ƙasar Folan, Lucja Frey, ta bayyana a 1923, kuma ba sai da ciwon suga take zuwa ba.

Na sha jin ana cewa zufar nan suga ne ke fita daga jiki, alamar sauƙi ce. Ba haka ba ne. An fi ganinta ga waɗanda ciwon ya riga ya taɓa musu ƙoda ko jijiyoyin ƙafa, har an ga waɗanda ta ɗauke musu bayan dashen ƙoda. Wannan dangantaka da ƙoda ita ce babban dalilin da ya sa bai kamata a tsaya a kan tawul da fanka ba.

A duba ƙafa, a duba jiri

Tun kafin ranar asibiti akwai abin da za a iya yi a gida. A cire wa dattijo takalmi a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu da rana tsaka. Sau da yawa jikin da ke zufa a sama ya daina yi a ƙasa, fata ta bushe ta yi kaushi, hunturu ya zo ya tsaga ta. Faso a ƙafar da ba ta jin zafi ƙofar gyambo ce, gyambon mai suga kuma an san inda yake kai mutum. A riƙa shafa mai bayan alwalar isha'i, ban da tsakanin yatsu, a tsane wurin sosai. A daina tafiya masallaci ba takalmi a kan ƙasa mai zafi, a kuma girgiza takalmi kafin a sa.

In akwai na'urar awon hawan jini, a kwantar da shi minti 5 a auna. Ya miƙe, wani na riƙe da shi, a auna bayan minti 1 da bayan minti 3. In lambar sama ta ragu da 20 ko ta ƙasa da 10, a rubuta a nuna wa likita. Tsofaffi da yawa jininsu kan sauka bayan cin abinci mai nauyi, shi ya sa wani ke ganin duhu in ya tashi daga kan tuwo zai yi alwala.

Sauran tambayoyin sai wanda ya isa: saurin ƙoshi da kumburin ciki, amai da abincin jiya, zawo da dare, fitsarin da ba ya ƙarewa, raunin mazakuta. Waɗannan ɗa ba zai tambayi uba ba. A bar dattijo da likita su kaɗai na ɗan lokaci, ko a tafi da amininsa.

Ranar asibiti

A tafi da littafin, a kuma zuba duk abin da yake sha a leda ɗaya: na asibiti, na kemis, da jiƙon da aka kawo daga kasuwa. Kada a ɓoye na gargajiya don gudun faɗa. Sassaƙe mai ɗaci a kan ƙwayar suga yana iya kayar da suga, wasu kuma suna cin ƙoda. Haka magungunan ciwon gaɓoɓi irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda tsofaffinmu ke sha kamar goro, maƙiyan ƙodar mai suga ne. Tramadol da wasu magungunan damuwa su da kansu suna sa zufa.

A roƙi likita ya duba HbA1c, gwajin da ke nuna matsakaicin suga na kusan wata uku. A yi gwajin ƙoda na jini da na fitsari, domin furotin kan fara zuba a fitsari tun mutum bai ji komai ba. A duba bayan ido, a gwada jin ƙafa. Wanda ya shekara da shekaru a kan ƙwayar suga ta metformin a duba masa bitamin B12, don maganin kan rage shi, ƙarancinsa kuma na ƙara lalata jijiya. In akwai rama da bugun zuciya da sauri, a duba maƙoƙo. Mace da al'ada ta ɗauke mata ba da daɗewa ba ta faɗa wa likita.

Kada a yi mamaki in likita ya rage magani maimakon ya ƙara. Ga dattijo mai cututtuka da dama, HbA1c da bai kai 8 ba kan wadatar, domin faɗuwar suga ta fi masa haɗarin gaggawa a kan ɗan hawa. Matse suga da ƙarfi ba zai ɗinke jijiyar da ta riga ta lalace ba. Abin da daidaita shi ke yi shi ne rage saurin ɓarnar. Kuma rage ko sauya magani aikin likita ne, ba na majalisar ƙofar gida ba.

Gyaran da za a yi a gida

Babban abin tsoro a nan shi ne kunya. Dattijo mai daraja ba ya son a gan shi yana ɗiga a walima ko wurin suna, sai ya fara cewa ya ƙoshi, ya ci loma uku ya ture, alhali ya sha ƙwaya ko ya yi allura daidai da cikakken kwano. Haka zufar da ba ta da haɗari ke haifar da faɗuwar suga mai haɗari. In an ga ya fara rage ci ko yana gudun taro, a yi maganar a fili cikin ladabi: "Baba, likita ya ce ba wani abu ba ne, jijiya ce. A ci abinci dai."

Sauran duk masu sauƙi ne. A bar tuwo da kunu su sha iska kafin a kawo. Shayi mai tururi a jinkirta shi ko a bar shi ya huce. A ajiye yaji a gefe maimakon a zuba a tukunya. Abin da littafi ya nuna yana tayar da zufar a rage shi, amma kada a bi jita-jita a hana mutum rabin abincin duniya. A raba cin zuwa kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar in likita ya daidaita magani da hakan, wanda ke taimakon mai nawar tumbi da mai jiri. A ci a wuri mai iska, a sassauta rawani ko a cire hula, a sa rigar auduga, ga tawul mai ɗan danshi a kafaɗa. Bayan an gama a zauna kamar rabin awa kafin a miƙe. A sha ruwa isasshe, sai dai wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ƙoda ko zuciya, shi ya tambayi adadinsa na lokacin bazara.

In ana bukatar magani

Akwai maganin shafawa mai sinadarin glycopyrrolate, wanda aka gwada a kan masu irin wannan zufa aka ga yana rage ta sosai. Ba kowane kemis ke da shi ba, a tambayi masu harhaɗa magani na babban asibiti. Ana shafa shi a busasshiyar fatar goshi da gefen fuska, a kauce wa ido da baki, a wanke hannu nan da nan, domin in ya shiga ido gani kan dushe na wani lokaci. Wasu likitoci kan ba da maganin hana zufa mai aluminium chloride, a shafa da dare a wanke da safe, bayan an gwada a ɗan wuri don yana iya sa ƙaiƙayi. Akwai kuma allurar Botox a fata, wadda ke aiki na wasu watanni kafin a sake, ga tsada, kuma sai ƙwararre.

Magungunan sha kuwa, irin su oxybutynin da glycopyrrolate na ƙwaya, a ganina su ne na ƙarshen zaɓi ga tsoho a garin nan. Suna busar da baki, su taurara bayan gida, su ƙara wa tumbi nawa. Namijin da dama fitsari ke fita masa da ƙyar suna iya toshe shi gaba ɗaya. Mai hawan jinin ido suna iya tayar masa da shi, oxybutynin kuma kan ruɗa tsofaffi. Sannan ba fuska kaɗai suke hana wa zufa ba. Mutumin da ƙafafunsa sun riga sun daina zufa, a rufe masa sauran jikin a watan Afrilu a Sakkwato, ga ɗaukewar wuta, zafi zai iya kayar da shi. Kada a saya don wani ya ce ya yi masa aiki.

Azumi

Wanda likita ya tabbatar jijiyoyin nan nasa sun taɓu, ko ƙodarsa ta yi rauni, ko sugansa na faɗuwa ba ya ji, yana cikin waɗanda aka fi ji wa tsoron azumi. A ga likita mako shida zuwa takwas kafin Ramadan, sannan a kai wa malami abin da likitan ya ce, don dattijo ya fi natsuwa in ya ji hukuncin ciyarwa daga bakin malaminsa. In an bar shi ya yi, huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi, kuma dole a riƙa yi, musamman da azahar da la'asar. Lamba ƙasa da 70 ko sama da 300 na nufin a karya azumi nan take, ko da saura rabin awa a kira salla. Zufar da ta zo kafin a kai komai baki ba ta abinci ba ce, a auna. Wadda ta zo bayan kunu da ƙosai ma a auna ta a kwanakin farko, a rubuta a littafin tare da lokacin da aka sha maganin buɗa-baki.